Fili Ne Ke Zaɓen But: Matakan Sayen Takalmin Wasa a Sakkwato

Bara, ana tsakiyar bazara, ɗan yayata ya shigo mini da leda a hammata, baki har kunne. Wata huɗu ya yi yana tari, daga kuɗin barka da sallah zuwa ɗan abin da ubangidansa ke ba shi a shagon gyaran waya, har Allah ya cika masa burinsa na sayen but. Ya zaro shi ya ajiye a gabana kamar mai nuna kayan lefe.

"Kawu, wanga irin na Mbappe na," in ji shi.

Na kifa takalmin na dubi ƙasansa. Haƙora shida ne, dogaye, na ƙarfe. Na tambaye shi inda zai buga da shi, ya ce filinsu na unguwa a Mabera. Na san filin sarai. Tun da damina ta ɗauke ba a sake ganin ko tsinken ciyawa a cikinsa ba, ƙasar ta bushe ta ƙame kamar daɓen siminti. Ban so in kashe masa gwiwa a ranar farin cikinsa ba, sai na yi shiru, kuma laifina ke nan. Ba a yi kwana goma ba ya dawo yana ɗingishi, bororo a diddige, tafin ƙafa na zogi, ga targaɗe a idon sawu. Takalmin bai da aibi ko kaɗan. An yi shi ne don ciyawar da ke shan ruwan sama kusan kullum a Ingila, aka kawo shi garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Matsalar ta girmi yaron nan da nisa. A 1949, lokacin da tawagar ƙwallon Najeriya ta farko ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, da Teslim Balogun a cikinta, yawancin 'yan wasan ba takalmi suka buga, sai ɗaurin bandeji a ƙafa. A haka suka ci ƙungiyar Marine 5 da 2 a wasansu na farko. Sun saba da busasshiyar ƙasa, ƙafarsu ta san ta. Shekara biyar bayan nan, a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1954 a birnin Bern, ana tafka ruwa, Jamus ta Yamma ta doke Hangari 3 da 2, kuma har yau in ana labarin wasan sai an ambaci Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, wanda ya ɗaura wa Jamusawa dogayen haƙora masu kwancewa don su kama laka. Su waɗancan sun dubi ƙasar da za su taka kafin su dubi takalmi. Mu kuwa talabijin muke duba.

Ga yadda nake bi yanzu in zan raka wani kasuwa.

Mataki na farko: je ka taka filin

Kafin ka taɓa aljihu, je filin da kake bugawa. Ban ce filin da kake mafarkin bugawa wata rana ba, na ce wanda kake zuwa kullum tsakanin La'asar da Magariba. Ɗauki makulli ko ƙusa ka danna a ƙasa da ƙarfin hannu, a tsakiyar fili, da bakin raga, da gefen layi. In ya shige cikin sauƙi, ƙasar na karɓar haƙori. In ya tsaya a sama yana kartar ƙura, to haƙorin takalminka ma a sama zai tsaya, kuma duk nauyin jikinka a kan waɗannan 'yan tsinin zai ɗora.

Yawancin filayen unguwannin Sakkwato, daga Arkilla zuwa Gidan Igwai, daga Runjin Sambo zuwa Minanata, ɗayan biyu ne. Ko dai ƙeƙasasshiyar ƙasa mai tsakuwa, ko kuwa rairayi a sama da tauri a ƙasa. Na biyun ya fi yaudara. Ka ga yashi ka ɗauka laushi ne, alhali kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa kuwa dutse-dutse. Akwai filayen makarantu da na hukumomi masu ɗan ciyawa, amma ciyawar da ba a ba ta ruwa da rani sunan ciyawa kawai gare ta. Sai ƙananan filayen haya masu ciyawar roba, inda matasa ke buga biyar-biyar da dare, musamman cikin azumi bayan tarawi. Sai kuma daɓen siminti. Wanda ƙungiyarsa za ta buga a filin wasa na Giginya, gidan Sokoto United, ko a filin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya je ya taka da ƙafarsa a makon wasan, ko ya tambayi kocinsa, don fili na sauya hali daga wata zuwa wata.

Ka kuma lissafa watanni. Daminarmu gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas ɗin, hunturu da bazara, ƙasa a bushe take. Mai kuɗin takalmi ɗaya ya saya don wata takwas ɗin nan, ya lallaɓa cikin huɗun.

Mataki na biyu: kifa takalmin, ka karanta haƙoransa

Mai kanti zai miƙo maka takalmi ta sama, inda launi da tambari suke. Kai kuwa ka kifa shi. Rabin cinikin a ƙasan yake. Kamfanoni na rubuta haruffa biyu a jikin kwali ko a takardar da ke cikin harshen takalmin, kuma su ne ke faɗin irin ƙasar da aka yi shi dominta.

Mai FG shi ne ya cika kasuwa, shi ne kuma mafi yawan abin da muke gani a ƙafar 'yan wasan Turai. Haƙoransa na roba mai tauri ne, a haɗe da tafin, goma sha ɗaya zuwa goma sha uku galibi. An yi shi don ciyawar gaske wadda ba ta jiƙe sharkaf ba, ba ta kuma ƙame ba. A filin unguwa yana aiki, amma da tsada: tsakuwa na cin haƙoran kamar faifan niƙa, kuma ba daidai take cin su ba. In kana yawan juyawa ta gefe ɗaya, na wannan gefen za su riga ƙarewa, takalmin ya karkace, ƙafa ta bi shi.

Mai SG shi ne wanda ɗan yayata ya saya. Haƙora shida na ƙarfe, huɗu a gaba biyu a diddige, wani lokaci da 'yan ƙananan na roba a tsakaninsu. Aikinsa laka da jiƙaƙƙiyar ciyawa. A Sakkwato, in ba cikin Agusta ba a fili mai ciyawa sosai, ban ga ranar amfaninsa ba. A busasshiyar ƙasa tamkar ka hau kan ƙusoshi shida ne kana gudu. Ba ya kama ƙasa, santsi yake yi, idon sawu na lilo, kuma in ka taka ƙaurin ɗan wani da shi sai an kai ga ɗinki. Kada arha ta ja ka. Sau da yawa dalilin arharsa a wurin 'yan gwanjo shi ne babu mai so.

Mai AG na ciyawar roba ne. Haƙoransa sun fi na FG yawa, sun fi gajarta, zagayayyu ne, wasu da rami a tsakiya. Ciyawar roba na riƙe haƙori fiye da ta gaske, don ba ta yagewa. A ciyawar Allah, in ƙafa ta maƙale ka juya, ƙasa ce ke ɓarewa. A ta roba, ƙasa ba ta ɓarewa, sai gwiwa ta ɗauki murɗar. Shi ya sa ake gajarta haƙoran. Duk wanda ke da niyyar zuwa gwaji a manyan filaye ya san da wannan, don wasunsu na roba ne, kamar filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano, wanda ya karɓi wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Akwai mai HG, wanda aka yi musamman don ƙasa mai tauri, da mai MG, wanda ake nufin ya yi aiki a ƙasa iri-iri. Haƙoransu gajeru ne masu faɗi, suna raba nauyin jiki. In ka ci karo da ɗayansu daidai ƙafarka, kada ka bari ya wuce ka.

Sai mai TF, wanda yara ke rainawa suna ce masa kambas. Tafinsa roba ce mai laushi, cike da ƙananan ƙuraje da yawa kamar bayan kada, kuma akasari akwai ɗan soso tsakanin tafin da ƙafa. A ra'ayina, cikin kowane yaro goma da ke buga ƙwallo a unguwannin garin nan, wannan ne ya dace da mafi yawansu. Yana kama busasshiyar ƙasa, yana rage dukan da diddige da gwiwa ke sha, yana jure tsakuwa, tsidau da ƙarangiya ba sa huda shi da sauƙi, yana kuma shiga filin roba na haya. Aibinsa ɗaya: ranar da aka yi ruwa fili ya yi taɓo, sai ka yi ta zamewa kamar mai koyon keke. Na san yaro ba ya jin ya cika ɗan ƙwallo sai ya ji ƙwas-ƙwas a ƙasan ƙafarsa. Wannan ƙarar ba ta cin ƙwallo.

Mai IC ko IN tafinsa shafaffe ne, na siminti da daɓen cikin ɗaki.

Abu na ƙarshe a nan shi ne siffar haƙorin. Akwai zagayayye, akwai mai kama da bakin wuƙa. Mai bakin wuƙa na ba da ƙarfin tashi da gudu, amma yana jinkirin sakin ƙasa in za ka juya. Zagayayye na barin ƙafa ta juya a kan kanta. Wanda ya taɓa samun ciwon gwiwa, ko wanda shekarunsa suka fara ja kamar ni, ya nemi zagayayye.

Mataki na uku: tabbata na wasanka ne

Wannan tarkon 'yan gwanjo ne, ba don mugunta ba, sai don dilar da suke kwancewa a gauraye take zuwa daga Turai da Amurka. A tsibi ɗaya za ka tarar da takalmin ƙwallon ƙafa, da na zari-ruga, da na wasannin Amurkawa, duk masu haƙora, duk ana ce musu but.

Duba can ƙarshen gaba, daidai ƙarƙashin babban yatsa. In ka ga haƙori ɗaya tilo a tsaye a bakin takalmin, ajiye shi. Na ƙwallon Amurka ne ko na besbol, inda ɗan wasa ke tokare yatsa ya zabura. A ƙwallon ƙafa wannan haƙorin na kama ƙasa lokacin da kake kai bugu, yana kuma iya tsaga ƙafar abokin karawa. Na besbol ma wani lokaci haƙoransa faffaɗan ƙarfe ne mai kaifi. Doka ta 4 cikin dokokin ƙwallon ƙafa ta hana sa duk abin da ke da haɗari, kuma alƙalin wasa na da ikon hana ka shiga fili da shi. Dokar nan ce dai ta wajabta riga, da gajeren wando, da safa, da makarin ƙauri, da takalmi. Wani abin sha'awa a cikinta: in takalminka ya fice bisa kuskure ka ci ƙwallo kafin ka mayar da shi, ƙwallon ta ciwu.

Na zari-ruga ya fi nauyi da faɗi, na 'yan gaba yakan zo da haƙora takwas, kuma dokar wasan ta yarda tsawon haƙori ya kai milimita 21. Yana da kyau wurin turereniya, amma ƙwallo ba ta jin daɗinsa. Na hoki ya yi kama da TF, sai dai bakinsa da gefensa sun fi tauri saboda ƙwallon hoki dutse ce. Na 'yan tsere kuwa ba ya ɓuya: mara nauyi, ba diddige, da ƙananan allurai a gaba kawai. Dokar wasannin guje-guje ta ƙayyade su kada su wuce goma sha ɗaya, tsawonsu kada ya wuce milimita 9 a kan hanyar gudu ta roba, ko 12 a tsallen sama da jifan mashi. Ɗalibin da za a kai gasar makarantu a kan turbar ƙasa, kambas mai sauƙi ya ishe shi. Masu ƙwallon hannu, wasan da Sakkwato ta yi suna a kansa da ƙungiyar Rima Strikers, shafaffen tafi mai kama daɓe suke bukata, haƙori ba nasu ba ne. Langa da kokawa da dambe dai har gobe ƙafar da Allah ya ba mutum ita ce takalminsu.

Za ka ji ana cewa akwai but na mai tsaron baya, da na ɗan tsakiya, da na mai cin ƙwallo. Kaso mafi yawa na maganar nan talla ce. Kada ta ɗauke maka hankali.

Mataki na huɗu: auna ƙafa, kada ka aika

Zuwa da kai ya fi aike. Kada ka ce wa mai tafiya Kano ko Legas "sayo mini lamba 42", don lamba 42 ba ɗaya ba ce a kowane kamfani, balle a takalmin da wani ya riga ya buɗa.

Shimfiɗa takarda a jikin bango, ka tsaya a kanta da safar ƙwallo, diddige na taɓa bangon, wani ya ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo. Auna da rula. Yi wa ƙafa biyun, don da wuya su zo daidai, ka yi aiki da babbar. A cikin harshen takalmi akwai lambobi huɗu ko biyar, na Ingila, na Amurka, na Turai, da wanda aka rubuta CM ko JP a kansa. Wannan na ƙarshen shi ne tsawo a santimita, shi ya fi gaskiya. Misali, a Adidas da Nike duka, 42 ta Turai na daidai da santimita 26.5, amma a lissafin Ingila Adidas na kiranta 8, Nike na kiranta 7.5.

Je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta sha yawo ta ɗan kumbura, don haka za ta kasance a fili. Sa duka biyun, ɗaure igiya har sama, ka miƙe tsaye. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmi a sami kamar rabin santimita zuwa ɗaya. Ɗaga diddige ka tsaya a kan yatsu: in diddigen na zamewa sama da ƙasa, bororo na jiranka. Tsuguna, juya hagu da dama, yi ɗan tsalle. Kada kunyar mai kanti ta hana ka. Kuɗinka ne.

Faɗi ya fi tsawo ba mu wahala. Mu da muka tashi da silifas da fade da yawo ba takalmi, yatsunmu a baje suke, ƙafarmu ta fi faɗi a gaba. Takalman da aka yi don gudu, irin Mercurial da Nike ta fito da shi a 1998 a ƙafar Ronaldo na Barazil, matsattsu ne kamar kube. Mai faɗin ƙafa ya gwada irin Copa na Adidas, ko Tiempo na Nike, ko Morelia na Mizuno. In ka ji ɗan ƙaramin yatsa na kuka tun a kanti, kada ka yarda da "zai buɗe". Fata na buɗewa kaɗan. Roba ba ta buɗewa, ƙafarka ce za ta ba da kai, farce ya yi baƙi ya faɗi.

Iyaye kuma, na san dalilin sayen babba don yaro ya girma a ciki, ni ma an yi mini. Amma faɗin babban yatsan hannu ɗaya ya isa. In ya wuce haka yaro na iyo a cikin takalmi, yana tuntuɓe, yana naɗe yatsu don ya riƙe shi. Gara gwanjo daidai ƙafa da sabo mai lamba biyu a sama. 'Yan mata masu buga ƙwallo su lura da diddige musamman, don yawancin but a kan ƙafar maza aka gina shi, bayansa kan yi musu yawa.

Mataki na biyar: fata ko roba

Abin dariya ne a ce Basakkwace na neman wanda zai koya masa darajar fata. Fatar jar akuyarmu ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan can. A duniyar but kuwa, fatar da ta yi suna ta dabbar kangaru ce ta Ostireliya, wadda Adidas ta fara yin Copa Mundial da ita a 1979, ko da yake a 2023 Nike da Puma sun sanar da daina amfani da ita.

Fata na bin siffar ƙafa, tana numfashi, kuma in ta yage baduku ko mai gyaran takalmi na iya ɗinke ta. Amma tana son kulawa, iskar hunturu na busar da ita ta tsage kamar yadda take yi wa diddige faso. Roba ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, sai dai tana dafa ƙafa da rana, kuma mai arharta na ɓarewa kamar bawon albasa. Irin na saƙa mai wuya kamar safa yana da kyan gani, amma a filin rairayi yashi da ƙarangiya na maƙalewa a cikin saƙar, tsakuwa kuma na cinye bakinsa da wuri. Ga filin unguwa, ni dai fata ko roba mai kauri nake zaɓa, wadda aka ɗinke bakinta da zare.

Mataki na shida: cikin kasuwa

Ko a Babbar Kasuwa kake, ko a Tsohuwar Kasuwa, ko wurin masu baza gwanjo a bakin titi, abu uku ne a gabanka: sabo na asali, sabo na jabu, da na hannu.

Ka sani kowane samfuri hawa-hawa ne. Nike na da Elite a sama, sai Pro, sai Academy, sai Club. Adidas ma haka, da League a madadin Academy. Launinsu ɗaya, sunansu ɗaya, kuɗinsu kuwa sama da ƙasa. Na saman siriri ne ƙwarai, an yi shi don ƙwararren da ake ba shi sabo in ya yage. Na tsakiya da na ƙasa sun fi kauri, kuma a filinmu sau da yawa sun fi daɗewa. Saboda haka in aka nuna maka sabon Elite a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, ka san abin da ke hannunka. Ba haramun ba ne mai ƙaramin ƙarfi ya sayi kwaikwayo, amma ya saye shi a kuɗin kwaikwayo. Na taɓa jin wani mai kanti na rantsuwa a kan takalmin da lambar cikin ƙafar dama dabam, ta hagu dabam. Duba takardar cikin harshe a ƙafa biyun, ka gwada ta da ta jikin kwali. Duba layin gam, shinshina shi, ka ga ko ɗinkin ya miƙe.

Ga na gwanjo, kama baki da diddige ka lanƙwasa. Ya kamata ya lanƙwashe a gindin yatsu kawai. In ya karye a tsakiya, ko ka ga farin layin tsagewa a tafin, ya gama aiki. Murɗa shi kamar mai matse wanki, kada ya yi laushi tiɓis. Tura babban yatsa tsakanin tafi da sama, zagaye duka, musamman baki da gefen ciki inda ake bugu. Matsa bayan diddige, ya zama da tauri. Ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in ya jingina gefe ɗaya to tafiyar mai shi na farko ce za ka gada. Zare shimfiɗar ciki ka leƙa ko gindin haƙori ya fara ɓullowa. Ka kuma yi hattara da wanda ya yi kyau fes kamar ba a taɓa sa shi ba amma tsohon yayi ne. Gam da roba na mutuwa a ajiye. Irin wannan ne ke rabuwa biyu a wasan farko, ka bar tafin a tsakiyar fili kana neman sa.

In ka samu wanda ya tsallake duk wannan, kada ka tsaya jayayya a kan ɗan canji. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Ka bar wani abu a aljihu don makarin ƙauri da safa mai kauri biyu.

Mataki na bakwai: kafin wasan farko

Daga kasuwa ka bi ta wurin mai gyaran takalmi. Ce masa, "Malam, a zagaye mini bakin nan da zare." Ɗinki tun gam bai saki ba ya fi ɗinki bayan ya buɗe baki, don da zarar yashi ya shiga tsakani gam ba ya sake kamawa. A tafin roba mai laushi irin na TF ɗinkin na zama daram. A tafi mai tauri kuwa ka roƙe shi ya yi a hankali, ya ba da tazara tsakanin huji da huji, kada basilla ta tsaga shi.

Kada ka fara sa sabon but ranar gasa. Sa shi a gida, sannan a atisaye na minti ashirin, gobe ka ƙara, har sau uku ko huɗu. Shafa basilin a diddige da kan yatsu, yanke farce. In wuri ɗaya ya dage da ciwo, sassauta igiyar daidai nan ko ka tsallake rami ɗaya.

Mataki na takwas: rana da kwalta

Abu biyu ke kashe but a garin nan, kuma ba ƙwallo a cikinsu. Na farko rana. Takalmin da aka shanya a kan katanga da azahar, ko aka bari a ƙarƙashin sirdin babur, ko a bayan mota, gam ɗinsa narkewa yake yi, fatarsa ta ƙandare. A inuwa ake shanya shi. In ya jiƙe, zare shimfiɗar ciki, cusa masa tsohuwar jarida ta tsotse ruwan. Na biyu kwalta. Yaran da ke ɗaura but tun daga gida su taka titi har fili, kafin su isa sun riga sun ba titi rabon haƙoransu. Tafi da silifas, ka sauya a bakin fili.

Bayan kowane wasa zazzage yashin ciki, ka goge ƙura da tsohon buroshi. Na fata, ɗan man kaɗe a yatsa sau ɗaya a mako cikin hunturu ya ishe shi, kada a cika, yana sa ta saki. Mai haƙoran ƙarfe ya riƙa ɗaure su kafin wasa, ya ɗiga ɗan mai a zaren don kada su yi tsatsa. Ranar da ka ga haƙora sun cinye rabi, ko sun yi kaifi a gefe, ko ka fara jin tsininsu a tafin ƙafarka, lokacin rabuwa ya yi ko da saman na sheƙi.

Ɗan yayata dai da ƙafarsa ta warke muka koma kasuwa tare, da takardar awonsa a aljihuna. Muka samo masa wani baƙin TF na gwanjo, santimita 26, ba sunan kowane tauraro a jikinsa. Ya karɓa yana tura baki. Wata bakwai ke nan yana bugawa da shi, sau ɗaya aka ƙara masa ɗinki. Mai haƙoran ƙarfen kuwa yana rataye a ƙusa a ɗakinsa, ya ƙi sayarwa, wai yana jiran Agusta.